Ranar da Aka Tafi da Mamman

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na buɗe shagona na ɗinki a Ajdabiya, kamar kullum. Shekarata tara a Libiya tun barina Damagaram. Ƙanena Mamman yana guga. Matarsa Rabi ta kawo mana shayi da burodi, cikinta wata bakwai.

Kwana uku ke nan jiragen Turawa suna ratsawa ta kanmu. Rediyo ta ce sun zo kare farar hula. Muka ɗauka har da mu.

Ƙarfe tara da rabi bom ya tashi a bakin gari. Tagogi suka girgiza. Sha ɗaya, motocin 'yan tawaye suka shigo layinmu. Jiragen ne suka share musu hanya. A wajen 'yan tawayen, duk baƙar fata sojan hayar gwamnati ne.

Na san shugabansu. Na sha ɗinka masa jallabiya. Ko fuskata bai duba ba.

"Ku fito! Ku durƙusa!"

Suka bi hannayenmu da kallo. Mamman yana da tabon dutsen guga, suka ce na bindiga ne. Suka jefa shi a bayan mota. Na riƙe ƙarfen motar, wani ya sauke mini gindin bindiga a ka. Da na farfaɗo ana kiran azahar. Rabi tana zaune a ƙasa, ba ta kuka.

Washegari da sassafe muka shiga motar kayan miya, muka nufi gabas. Shinge bakwai muka wuce, a kowanne sai an sauke baƙaƙe. Wata biyu muka kwana kan kwali a iyakar Masar. A nan Rabi ta haihu, mace.

Yanzu muna Ainu Shams, a Alƙahira, hawa na shida. Wata rana bayan shekaru ina wajen mai shayi, sai ga shugaban 'yan tawayen nan a talabijin, ya tara gemu, baƙar tuta a bayansa. Turawan da suka ɗaure masa gindi yanzu ɗan ta'adda suke kiransa, jiragensu sun koma farautarsa. Na gaya wa mai shayin ko wane ne. Ya ce mini ma'alish, wato sai haƙuri.

Na rubuta sunan Mamman a ofis-ofis har na daina. Ba wanda ya ga gawa, don haka ba mu yi masa sallah ba. 'Yarsa ta shiga sakandare bana. Hotonsa guda muke da shi, na fasfo, kuma hatimi ya rufe rabin fuskar.