Motar da Ke Tari Ranar Kasuwar Djougou

Tsohuwar farar mota ce mai dogon baya. Da ita nake kwasar atamfa da takalman roba daga Parakou in kai Djougou ranar kasuwa, in dawo da doya da man kaɗe. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bayan rasuwar yayana, wanda babbar mota ta bi ta kan tasu a wannan hanyar. Da aka yi arba'in na koma tafiya, sai mota ta tsiro da wani sabon iskanci.

Da na fita daga unguwarmu Ladjifarani da safe sai ta fara tari. Ta fizga, ta saki, sitiyari yana kakkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi. In na taka mai sai bututun hayaƙi ya yi ta bugawa, fat, fat, masu zem, wato 'yan acaɓa, suna juyowa suna kallona. Haka za mu yi ta ja har wajen gadar Bétérou, daga nan ta ware, ta shiga Djougou lafiya lau. Dawowa kuwa ko tari ɗaya babu. Sauran ranaku a cikin gari ma shiru. Ranar kasuwa kaɗai!

Na fara da matar da nake sayen kpayo a wurinta, man nan na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Na ce mata ruwa take zubawa. Ta riƙe ƙugu ta wanke ni tas, har da Faransanci. Na koma gidan mai, mota ba ta fasa ba.

Mai gyara mini mota mijin ƙanwata ne, garejinsa yana unguwar Titirou. Mutum ne marar magana, ni kuma marasa magana ba su cika kwanta mini ba. Ya ce inji ne ke tafiya da ƙafa uku, wato buji, abin da wasu ke kira fulogi, ɗaya cikin huɗu ba ya ba da wuta. Na sayi sababbin buji da hannuna na kai masa. Ya ɗaura. Ranar kasuwa ta zagayo, tari ya dawo. Na sayi wayoyin buji. Na sayi bobin, wanda ke tura wa buji wuta. Duk a banza.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake yi in na tambaye shi. Yakan cire wayar buji, ya leƙa ramin, ya cusa tsumma ya goge da sauri, ya tura tsumman a aljihu. Sai ya sunkuyar da kai.

"Me ka gani?" in ce.

"Ça va, Yaya. Mota sai haƙuri."

"Haƙurin me? Ciwon nake tambayarka!"

"Za ta daina, in sha Allahu."

Kai, wannan amsa ta ci mini rai. Mutumin da ba ya iya kallon idona, yana ɓoye tsumma a aljihu, me zan ɗauka? Na ce lallai sababbin kayana yake cirewa ya sa wa wasu, ni ya maƙala mini tsofaffi. Na ɗauki ƙusa na yi wa kowane buji ɗan zane a gindi. Bayan ya taɓa motar na duba, zanena yana nan. Sai na ce to wayo ne ya ƙaru, ya ga alamar. Na shiga bin motocin da ke fita daga garejinsa da ido. Ko abincin da ƙanwata ta aiko na daina ci da daɗin rai.

Na yanke shawara ranar Juma'a, in sun zo gaida Inna kamar yadda suka saba, zan faɗe shi a gaban matarsa da uwata: ɓarawo ne. Na san in kalmar nan ta fita daga bakina ƙanwata ba za ta kwana gidansa ba, ko kuma ba za ta ƙara taka namu ba. Na sani sarai, amma zuciya ta riga ta hau.

Kafin Juma'ar akwai kasuwa. Na tsaya garejinsa da yamma, na ce gobe in motar nan ta yi tari, shi da ni ne. Ya daɗe yana murza tsumma a hannu. Can ya ce, "Yaya, gobe ka yi sallar asuba a ɗaki. Kada ka fita masallaci. Ka bar taga a buɗe."

Na ce a raina, wato akwai abokin cin mushe, yanzu kuma zai ɗora wa wani. Na yi yadda ya ce, har da ajiye sanda kusa da taga.

Gari ya fara haske sai na ji an zare makulli daga ƙusar zaure. Na leƙa. Inna ce, da mayafinta da ƙaramar ƙwarya a hannu. Ta buɗe ƙofar mota, ta laluba ƙarƙashin sitiyari ta ja, kafo, murfin inji, ya ɗaga. Wallahi ban san ta iya ba. Ta tokare shi da muciya. Ta yi ta karanta addu'a tana tofawa, sannan ta juye ƙwaryar a tsakiyar inji, daidai kan wayoyin buji. Baƙin ruwa ne, rubutun da take karɓowa wurin malamin unguwarmu. Ta shafa injin da tafin hannu, na ji ta ambaci sunan yayana, sannan nawa. Ta ce, "Allah ka dawo mini da wannan."

Na ajiye sandar. Na zauna a bakin gado na yi kuka.

Ban je Djougou ba ranar. Na ja motar tana tari har Titirou. Ya zare waya, ya cusa tsumma a ramin buji, wannan karon ya miƙo mini. Jiƙe yake sharkaf, baƙi da tawada.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun zuwan farko."

"Shi ne ka bar ni ina ta sayen kaya, ina zaginka a zuci?"

"Ai na ce kada ka saya, ba ka ji ba." Ya sake sunkuyar da kai. "Yaya, surukata ce fa. Da wane baki zan ce Inna ce ke ɓata mota?"

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Na ce to yanzu ya za a yi, don ni ma ba zan iya hana ta ba. Ya yanko robar cikin taya, ya rufe ramukan buji ruf, ya ɗaure da waya, yadda ruwa zai gangara gefe. Ya ce tuntuni ya so sawa, tsoro yake in tambaye shi dalili.

Ranar Juma'a suka zo. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, kansa a ƙasa. Na ce mata an samu kan motar, ba za ta ƙara tari ba.

Inna ta ce, "Ai dole ta daina, na sa malam ya ƙara yawan rubutun. Da don gyaran wannan yaron ne, da tuni ta kashe ka a hanya."

Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Gaskiya ne, Inna," ya ce. "Allah ya ƙara girma."