Kawu Badaru da Kwalekwalen Ƙofofi

Kafin shagunan unguwar Sharafiyya ta Jidda su buɗe, Kawu Badaru ya riga ya sha shayinsa, ya saƙala fensir a bayan kunne, ya hau cire ƙusoshi daga akwatunan katako da ake kawo masa daga tashar jiragen ruwa. Ba ya yar da ƙusa komai lanƙwasarta. Zai miƙe ta da guduma, ya jefa a gwangwanin madara. Da katakon nan yake yi wa mutanen unguwa benci da kanta da gadon yara. Tun ina ƙarama nake jin gudumarsa ta bayan ɗakinmu, har na girma na kama sana'ar ɗinki. A bana hannunsa ya fara rawa, ya ce halas, ya ajiye aiki. Shi ya sa na ce sai na faɗa wa duniya abin da idona ya gani.

Kusa da shagonsa akwai Abdulghaffar, mutumin Bangladesh, mai rubuta allunan shaguna. Kullum cikin musu suke da karyayyen Larabcinsu, kullum kuma a faranti ɗaya suke cin abinci. Mutanen Abdulghaffar suna da bikin sabuwar shekara a tsakiyar watan Afrilu. A ƙasarsu, in ji su, kan titi ake fita da manyan kifaye da tsuntsaye na takarda. A Jidda babu wannan zancen, sai su kama hayar istiraha, wato lambu mai katanga a bayan gari, su zagaya a ciki don yaransu da aka haifa a nan su san abin da iyayensu suka baro. Kawu ke haɗa ƙashin bayan kowane abu da katako, Abdulghaffar ya lulluɓe da takarda ya yi fenti.

Ba a rasa masu tsegumi a cikinmu ba. Wani ya taɓa tare shi a bakin masallaci.

"Kawu, me ya haɗa ka da bikin da ba namu ba?"

"Ranar sunan jikata, wa ya ɗauko tukunyar shinkafa a ka ya kawo?" in ji Kawu. "Abdulghaffar ne. Kai ban ga ƙeyarka ba. Yalla, ba ni hanya."

Sai ga ambaliyar 2009, ana jajiberin Arfa. Ruwa ya shiga unguwar Ƙuwaiza, inda Abdulghaffar yake zaune tare da iyalai da yawa na mutanensu. Ɗakin da suke ajiye kayan bikin ya cika da laka, aikin shekara da shekaru ya narke kamar sabulu. Bayan haka kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rufe shago, aka ce masa da zarar iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare sai gida. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma shiru. Ya ce shi da burushi har abada, kuma bana babu biki. Matarsa Sharifa ta zo wurina tana kuka, ta ce in aka tsallake bana, wallahi bikin ya mutu ke nan, don babu mai ƙarfin zuciyar tayar da shi.

Kawu bai yi wa kowa wa'azi ba. Motar ɗaukar kaya ya samu, ya bi gidajen Ƙuwaiza ɗaya bayan ɗaya yana roƙon ƙofofin da ruwa ya ɓalle. Ya wanke su, ya shanya, ya tsaga. Sannan ya mayar wa kowane gida falle ɗaya daga ƙofarsu, ya ce su zana abin da ransu yake so, su kawo ranar biki. Matan da ba su taɓa riƙe burushi ba suka duƙufa, wata ta yi furanni, wata gonar shinkafar ƙauyensu. Sharifa ta tattaro mini zannuwansu da laka ta ɓata, na yanke wuraren da suka tsira na ɗinka filafilai, irin ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwa da shi.

Da hantsin ranar bikin, a tsakiyar istiraha, Kawu ya buɗe gwangwanin ƙusoshinsa. Kan ka ce me, falle ya haɗu da falle, ga kwalekwale irin na kogunan ƙasarsu zaune a kan tayoyin baro. Ko'ina launi ne, ban da goshin jirgin, wanda aka bari fari fat. Sharifa ce ta jawo mijinta kusan da ƙarfi. Ya tsaya, ya shafa katakon, yatsansa ya faɗa ramin kuba.

"Wannan ƙofata ce," ya ce.

"Taka ce. Kowa ya yi nasa, saura kai."

"Na gaya maka na daina, Badaru."

"Halas, ba damuwa. Ni zan yi."

Kawu ya tsoma burushi a koren fenti, ya ja wani layi karkatacce mai ban tausayi, fenti na zuba har ƙasa. Abdulghaffar ya daure, ya kau da kai, ya sake dubawa, sai ya yi kukan kura ya fizge burushin.

"Haram alaik! Haka ake riƙewa? Matsa, kafinta kawai!"

Wallahi na yi dariya har da hawaye, kuma ba ni kaɗai ba. Kafin azahar goshin jirgi ya cika da jajayen furanni. Aka ɗora yara a ciki, sanye da fari da ja, maza suka tura, mata na tafi, aka yi ta zagaya lambun. Mutanen da ruwa ya kora daga gidajensu, ga su suna tura ƙofofinsu suna waƙa. Ban taɓa ganin nasara irin ta ranar ba.

Kawu, kai ne ka yi wannan. Kai ne mai miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa, ashe har mutum kana miƙewa. Ba ƙasarku ɗaya ba, ba harshenku ɗaya ba, ko shinkafarsu ta biki da ake jiƙawa cikin ruwa ba ka iya ci, amma ka ƙi yarda a binne murnar maƙwabcinka. Har yau ana bikin, kuma har yau kowane gida ke zana fallensa. Mun gode, Kawu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba hannun nan lafiya. Mu kuma da muka saura, kowa ya leƙa ta katangarsa ya ga abin da ya karye a gidan maƙwabci, ya ɗauki abin da ya iya ya je.

Da Abdulghaffar zai tafi gida, goshin jirgin kaɗai ya roƙa. Na duba shi da kyau kafin a naɗe. Layin nan karkatacce na Kawu yana nan bai shafe shi ba, shi ya mayar reshen da duk furannin suka fito a kai.