Idon Hambali da Tarin Inno

Hambali ba ya shan ruwan gidan kowa, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. In ya je gaisuwa aka kawo mashi ƙwarya, sai ya leƙa ciki, ya ture ta, ya ce, "Na san abin da ke iyo a nan." Ya jawo goransa na dafaffen ruwa ya sha a gaban mai gida. Ya yi haka a gidan liman, ya yi a gidan surukansa. Matarsa Mero ta yi shekara biyu tana ba mutane haƙuri, daga baya ta gaji ta koma Cadawa wurin iyayenta. Bai je biko ba. Daga nan aka daina kiransa suna da biki.

Shi ne mai awo a likitar Gazawa, ɗan asibitin garin, tun kafin ƴancin kai. Ɗakinsa ƙarami ne, tebur ɗaya, taga ɗaya, kuma tagar tana kallon ajin da nake koyarwa a lakol. Ana kawo mashi jini da fitsari da kaki da bayan gida, ya shafa a kan ɗan gilashi, ya zuba ruwan kala, ya sa a mikroskop. Babu lantarki. Wani ɗan madubi ne a ƙarƙashin na'urar yake kamo hasken rana daga taga, saboda haka aikinsa daga hantsi ne zuwa azahar. Ran da hadari ya rufe sama, sai ya zauna ya naɗe hannu. Mutane suna ajiye mashi kwalabensu a bakin taga su ja da baya. Ba mai ba shi hannu.

Mutum ɗaya ne ya taɓa duba abin da Hambali yake dubawa, wani lokotoro Bature da ke zuwa daga Maradi duk wata. Yakan zaɓi gilashi biyar ko shida ya leƙa, ya ce daidai ne, ko ya ce a sake. A shekarar 1961 ya koma ƙasarsu, ba a turo wani ba.

A bazarar da ta biyo, idon Hambali na dama ya fara yin yana. Ya koma duba da na hagu. Ana cikin haka wani Bafillace mai suna Garba, da ke zaune da shanunsa wajen Gangara, ya kawo kakin matarsa Inno a gwangwani. Ta yi wata uku tana tari, tana kuma goyo.

Ƙwayar tarin fuka, in an zuba mata kala, takan fito kamar ɗan jan sanda a cikin shuɗi. Hambali ya ga biyu. Ya matsa gilashin ya dawo, ya ga ɗaya. Ya goge ido, bai ga ko ɗaya ba. In ya rubuta akwai, za a ɗauki Inno zuwa Maradi ta yi watanni tana shan allura, a raba ta da jaririnta, shanu kuma su tafi arewa ba ita. In ya rubuta babu alhali akwai, za ta shafa wa duk wanda ke sha a ƙwaryarta.

Ya je wurin majo Ɗantala, shugaban likitar, ya roƙe shi ya leƙa. Majo yana ɗaure wa wani miki, ko ɗagowa bai yi ba.

"Idona bai dahu ba, Hambali. Ka tafasa shi tukuna."

Sai Hambali ya tsallako lakol ya tsaya a ƙofar ajina. Shekara uku muna kallon juna ta taga, bai taɓa ce mani komai ba bayan ina kwana.

"Malama, ki ara mani ido, rana na shirin barin taga."

Na bi shi. Ɗakin yana warin magani da abin da ya fi magani. Na sunkuya na sa ido.

"Kin ga ja?"

"Na ga gashin idona."

"Buɗe ɗayan. Kar ki danna. To, yanzu?"

"Shuɗi ne kawai, Malam. Ga wani abu can, amma ban san ko shi ba ne."

"Duk karatun nan naku," ya ce. Bai yi godiya ba. Na koma aji na wanke hannu sau biyu.

Da Garba ya zo karɓar amsa, Hambali ya gaya mashi ta taga cewa bai sani ba.

"Kai da ke ganin cikin jini?" in ji Garba. "To wa ya sani?"

"Maradi. Ka jira."

"Ruwa ya sauka a arewa, Likita. Saniya ba ta san Maradi ba."

Hambali ya naɗe gilashin Inno da auduga, ya haɗa da duk waɗanda ya duba tun da idon ya fara, ya ba wani direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Maradi. Ya sa takarda a ciki yana shaida wa manyansa cewa idonsa ya lalace. Ni na gyara mashi Faransancin. Na ce ya san wannan takarda za ta raba shi da kujerarsa? Ya ce in gyara abin da ya kawo in gyara.

Garba ya jira kwana tara, ya kaɗa shanunsa ya yi arewa da iyalinsa. Amsa ta iso bayan mako bakwai. Akwai ƙwayar a kakin Inno. Sauran gilasan duk daidai Hambali ya karanta su. Duk da haka manyansa suka ɗauke mikroskop ɗin, suka mai da shi mai tsaron ɗakin magani, inda ya zauna har ya rasu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Mu bakwai muka je gaisuwa, har da Mero.

Ban ce mutumin kirki ba ne, don zama da shi ba daɗi. Abin da na gani shi ne, tun daga ranar da amsar ta zo, duk ran kasuwa sai ya rufe ɗakin magani ya tafi kara inda ake cinikin shanu, da goransa a rataye. Fulanin sun san shi, wasu na dariya tun daga nesa, don rabin rugagen ƙasar akwai Inno a ciki. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ba sallama mai tsawo.

"In kun gamu da Garba na wajen Gangara, mai mata Inno mai tari, ku ce mai awo ya ce akwai. A ware mata ƙwaryarta, kar yara su sha. Ku ce ya kawo ta."