Aiki ranar sunan ɗiyata

Liman na tsaka da addu'ar sunan ɗiyata a garin Isa sai ga saƙo a wayata: janareton eriyar sadarwa ta ƙauyen Turba ya mutu, kuma wai ni ke jiran aiki yau.

Ni da na nemi hutu tun matata na da tsohon ciki!

Na kira ogammu a Sakkwato. Shi ke raba mana ranakun jira, yana rubuta wa kwamfuta umarni a wani baƙin allo.

"Ranka ya daɗe, mi ya kawo sunana yau?"

"Layi guda na rubuta, manhaja ta juya jadawalin. Ba ni na zaɓe ka ba."

"To rubuta wani layin ka cire ni mana."

"In na taɓa, na kowa za shi rikice."

Na hau babur, don in sabis ya ɗauke, ƙauyukan can ba su da hanyar neman ɗauki. Na gyara. Ko da na dawo an watse, surukina ya tafi yana fushi.

Kwamfuta ba ta taɓa haihuwa ba, amma ogammu ai uba ne. Jama'a, laifin wa?