Kassoum Tela da 'Yar da Ya Goya a Ƙirji

Ina rumfata a kasuwar Dantokpa, ina auna wa wata mata masara, wayata ta yi ƙara. Labiba ce, 'yar abokina Kassoum tela. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba Gwadabe, abokinka ya cika, yanzun nan bayan azahar." Na yi salati, na ajiye kwanon awo, na zauna a kan buhu. Matar nan ta daɗe tana min magana, ban ji ko ɗaya ba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, aji huɗu na yi a lekol, wato makarantar boko, na fita. Amma ni da Kassoum tare muka tashi a Zongon Kotono, tabarma ɗaya muka zauna a makarantar allo, kuma akwai abin da ya yi a gaban idona wanda ba na so ya shiga kabari tare da shi.

Kassoum mutum ne siriri, mai saurin dariya, mai son rediyo kamar ransa. Shagonsa a zauren gidansu yake, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya gada wurin babansa. Shekarar da aka yi babban taron ƙasa, a 1990, zauren nan ya koma majalisa. Kassoum yana taka keke yana fassara mana Faransancin rediyo, yana ƙara gishiri. Kullum maganarsa ɗaya ce: ranar da za a yi zaɓen shugaban ƙasa, shi zai fara shiga layi, ko da zai kwana a bakin ƙofa.

A farkon shekarar da ta biyo baya, matarsa Ruwaida tana da cikin fari, wata bakwai bai cika ba, jini ya ɓalle mata tana tuƙa tuwo. Aka ruga da ita asibiti, aka yi mata tiyata, aka ciro 'ya mace. Da suka ɗora ta a sikeli, kilo ɗaya ce da giram ɗari biyu. Kassoum ya leƙa ta cikin kwalbar da ake sa bakwaini, ya ga wani abu ja, fatarsa shara-shara, ana ganin jijiyoyi, hannu bai fi babban yatsansa kauri ba. Ya fito ya jingina da bango, ya ce min, "Gwadabe, ko 'yar tsana ta fi ta girma."

Ranar bakwai wasu dattawa suka ce a dakata da yanka rago, a ga abin da Allah zai yi tukuna. Kassoum ya ce a'a, ko kwana bakwai kaɗai ta zo yi, da sunanta za ta koma. Aka yanka, aka raɗa mata Labiba, ita tana can cikin kwalba.

Kwana goma sha biyu ta yi a ciki. Kwalaben ba su da yawa, ga wasu jarirai da suka fi ta rauni an kawo. Ruwaida kuma zazzaɓi ya kama ta bayan tiyata, ko zama ba ta iya yi, danginta suna can Djougou. Wata nas, dattijuwa 'yar unguwar Agontinkon, wadda muke ce wa Madam kawai, ta ja Kassoum gefe. Ta ce masa, "Abin da ke kashe irin waɗannan sanyi ne. Ba ta iya ɗumama kanta. Amma jikin mutum ma kwalba ne. A ɗora ta a ƙirji, fata da fata, a tsaye kamar kwaɗo, a rufe, kada a sauke sai don gyara ta. Wace mace ce a gidanku?"

Mace ɗaya ce a gidan, mahaifiyarsa Inna Assibi, ga tsufa ga tarin da ba ya barin ta. Madam ta ce mai tari ba za ta riƙe ba.

Kowa ya san al'adarmu. Uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, sunansa ma ba ya faɗa, don kunya. Goyo kuwa na mata ne, kuma a baya ake yin sa. Kassoum ya san duk wannan, don shi kansa ɗan fari ne, Inna Assibi ba ta taɓa kiran sunansa ba, Tela take ce masa. Sai kawai ya fara ɓalle maɓallan rigarsa. Ya ce, "Madam, nuna min."

Da ya dawo gida, ya sa aka ɗauko tsohon zanen Ruwaida da wanki ya laushe. Yana riƙe da yarinya da hannu ɗaya, yana nuna min inda zan yanka, har muka haɗa wani majanyi mai igiyoyi da ke ɗaure ta a ƙirjinsa. Hula kuwa daga safa aka yanko ta. Ya ɗora babbar riga a sama. In ka gan shi, sai ka ce ɓoye kurciya ya yi a jikinsa.

Keken ɗinki ya tsaya, don girgizarsa tana firgita ta. Ga lokacin kamfe, jam'iyyu suna neman teloli ido rufe, duk ya mayar da aikin. Ya koma sa maɓalli da aikin wuya na hannu, a kishingiɗe. Nonon uwa ni nake ɗauko shi daga asibiti sau uku a yini, a cikin kofi mai murfi, a bayan zemijan, wato ɗan acaɓan garinmu. Kassoum ya riƙa ɗiga mata da ƙaramin cokali, ɗigo ɗigo. Rabin kofin shayi sai ya ci masa sa'a guda. Salla a zaune yake yi, da nuni. Limamin unguwa da kansa ya zo ya ce masa kada ya damu da Juma'a, Allah ya san inda yake.

Mutanen Zongo dai ba sa barin abin magana ya wuce. Dramane mahauci ya leƙo zaure wata rana ya ce, "Salamu alaikum, mai jego! Ina gajiya? An kawo miki kunun kanwa kuwa?"

Kassoum ya ce, "Kunu ya samu. Ƙauri muke jira, mahaucin unguwarmu ne marowaci."

"To yaushe za a yi arba'in, mu zo rakiyar yawon dangi?"

"Ka tsaya daga nan bakin ƙofa, Dramane, kana warin tumbi. 'Yata ba ta saba ba."

Aka kwashe da dariya. Amma akwai masu faɗa ba da wasa ba. Wasu suka ce ya zubar da girmansa, wasu suka ce nasara ce ta juya masa kai. Kassoum yana jin su. Ya gaya min cewa abin yana sukarsa, amma da zarar ya ji 'yan faratanta suna motsi a fatarsa, sai maganar ta bi iska.

Abin da ya fi masa nauyi a cikin gida yake. Inna Assibi ta yi wankan jarirai da yawa a Zongo, kuma a saninta jaririn da ba a cuɗe shi da ruwan zafi da soso ba, da ƙarni zai tashi har tsufansa. Madam kuwa ta ce kada ruwa ya taɓa ta, a riƙa goge ta da tsumma mai ɗumi, gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta yi haƙuri kwana biyar. Ran na shida da hantsi ta dafa ruwa da ganye, ta ajiye baho a tsakar gida, ta shimfiɗa ƙafafu, ta ce, "Tela, miƙo min ita."

Ya ce, "Inna, an ce a jira."

"Wa ya ce? Wadda ba ta san gidanmu ba? Mace ce fa. So kake ta girma ana toshe hanci in ta wuce? Wa zai aure ta?"

"In ta kai aure, Inna, ai mun gode Allah."

"Ni na wanke ka, na wanke ƙannenka shida. Yau ni za ka nuna wa jariri?"

Kassoum bai taɓa musa wa Inna ba tun da aka haife shi. Ya durƙusa a gabanta, hannunsa ɗaya tallafe da yarinya, hawaye na zubo masa. Ya ce, "Inna, ki yafe ni. Ki ce in bar garin nan, in bari. Wannan kam ba zan ba ki ba."

Inna ta tashi, ta tuntsurar da ruwan a kwata, ta shiga ɗaki. Kwana takwas ba ta amsa gaisuwarsa ba. Abinci sai dai ta ajiye a bakin zaure ta juya.

Ranar zaɓe ta zo a cikin kwanakin nan. Tun da sassafe unguwa ta watse zuwa layi. Na biya masa na ce, "Ka ba ni ita na sa'a ɗaya mana, ka je ka jefa ka dawo. Shekara guda kana cika mana kunne." Ya ɗauko katinsa ya duba, ya mayar ƙarƙashin rediyo. Ya ce, "Kai daga cikin taro ka fito, ga tari ga atishawa. Je ka jefa naka. Za a yi wani."

Na dawo da yatsana baƙi da tawada, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na tsaya daga bakin ƙofa ina ba shi labarin layi. Ina cikin magana sai na ga fuskarsa ta canza. Ya daina ji na. Shi da ya saba da ɗan numfashin nan a fatarsa kamar bugun agogo, ya ji ya ɗauke. Ya buɗe riga. Leɓenta ya yi shuɗi, jikinta ya saki.

Ya kira, "Inna!" da wata murya da ban san shi da ita ba. Ta fito ba mayafi. Shi kuwa yana yin abin da Madam ta koya masa, yana murza tafin ƙafarta da yatsa, yana shafa bayanta, yana cewa, "Labiba, Labiba, tashi mana, Labiba." Ranar na fara jin sunan a bakinsa. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya yi shekara. Sai ta ja wani numfashi kamar shaƙuwa, ta yamutsa fuska, ta yi ɗan kukanta irin na 'yar mage.

Inna ta zame ta zauna a ƙasa. Da ta samu bakin magana ta ce, "Da a kan gado take, da ba wanda ya sani." Na tare mana taksi muka koma wurin Madam, aka riƙe su kwana biyu. Da suka dawo, Inna ta ɗauko kujerarta ta kafa a ƙofar zaure. Duk wanda ya zo barka, ko hajiya ce, daga nan zai miƙa gaisuwarsa ya juya. Dramane ya kawo ƙaurin da gaske, ita ta karɓa ta ce masa ya yi gaba.

Ruwaida ta fito asibiti bayan wata ɗaya, suka riƙa karɓa-karɓa. Kwana hamsin da uku yarinyar nan ta yi a ƙirjin mutum kafin ta fara zille-zille tana ture majanyi, Madam ta ce ta ƙoshi da ɗumin aro. Wankanta na farko Inna ce ta yi, ta cuɗe ta sau uku don ramuwa.

Rainon ma bai zo da sauƙi ba. Sai da ta shekara biyu ta taka. Kowace damina ƙirjinta sai ya kama. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai, ana yi mata magana ta wuce, mutane su ce girman kai ne. Duk shekara in an koma lekol, Kassoum zai sa rigarsa ta Juma'a ya je wurin sabon malami, ya roƙi a zaunar da ita a gaba, ta inda kunnen dama zai fuskanci allo. Shi da Ruwaida sun haifi 'ya'ya huɗu bayanta, bai bambanta su a ci da sutura ba, amma kunyar ɗan fari dai shi da ita ta ƙare tun a zaure. A kan titi zai ƙwala mata kira da sunanta. Mata da yawa a Zongo da suka haifi bakwaini sun aiko an karɓi irin majanyin nan a wurinsa. Wasu jariran sun rayu, wasu Allah ya karɓi abinsa, kuma kowace jana'iza da shi ake yi.

Yau Labiba malama ce a wata lekol a unguwar Saint-Michel, doguwa, da tabarau, in tana koyarwa daga titi ana jin muryarta.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Kassoum. Ranar Alhamis, kwana biyu kafin wayar nan, na je duba shi a asibiti. Ya ce yana so ya zauna a kujera. Na miƙe zan kama, Labiba ta ce, "Bari, Baba Gwadabe, kada bayanka ya riƙe." Ta sa hannu ta ɗaga shi cak ita kaɗai, ta zaunar, ta gyara masa hula, ta fita ɗebo ruwa. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya dube ni yana murmushi.

Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."

"Akwai wani yaro da ke zuwa wurinta, Shamsudeen, direban babbar mota. Ita ta yarda da shi. Ni ban samu na bincika ba. Kai za ka yi min."

"Ka warke mu je tare."

"Gwadabe, bar wannan. Ka je gidansu ba tare da ka aika ba, ka zauna, ka ji yadda yake yi wa uwarsa magana. Kuma ka gaya masa in ya kira ta ba ta amsa ba, ba raini ba ne, ya zagayo ta dama."

Na ce, "To. Lahadi in sha Allahu zan zo maka da labari."

Ya ce, "Ka taho min da goro. Amma ka ɓoye a hula, yarinyar nan ta fi likita tsanani."