Mai Shafa Shuɗin Fenti a Katangar Mutane

Damina goma sha ɗaya ke nan, da an idar da sallar asuba Malam Datti zai ajiye motarsa a Kawo, ya gangara bakin kogi da ƙafa. Sai ya duba sandar awo da ya kafa a cikin ruwa, ya rubuta, sannan ya kama hanyar Zariya inda yake koyarwa a jami'a. Bincikensa a kan ambaliya ne. Bana zai ajiye aiki.

Ba zan ɓoye ba, ina kishinsa. Tare muka yi elemantare. Shi ya wuce, ni aka cire ni aka kai shagon kafinta, na ƙarasa karatuna da tsofaffin jaridu. Duk da haka ni ake tambaya a unguwarmu, daga takardar kotu har sulhun maƙwabta. Ban mallaki komai ba sai wannan magana tawa da ake ji.

Sai ga shi yana bin gidaje, yana durƙusa wa tsofaffin mata: "Iya, ina ruwa ya kawo shekarar da kika haifi na fari?" Inda tsohuwa ta ɗora yatsa a katanga, nan zai shafa shuɗin fenti. Da haka ya gano iyakar ruwa ta shekara arba'in, abin da babu shi a littafi. Na ce a majalisa wannan ba ilimi ba ne, zaman banza ne.

Bara, wata Talata da hantsi, ya shigo unguwa yana cewa kowa ya kwashe ya hau tudu kafin la'asar, an yi ruwa mai yawa can sama kuma yana tafe. Rana fal, ko gajimare babu. Na ce kada wanda ya motsa.

Balarabe tela ya dube ni. "Malam Garba, kai jarida kake karantawa, shi kogi. Matsa in fid da kekena."

Matata Mariya ta ɗaure kayanta ba ta ko shawarce ni ba.

Kafin magariba gida goma sha bakwai sun faɗi, ba a rasa ko akuya ba. Datti, da na ƙi fita, kai ne ka dawo ka ja hannuna, ruwa iya ƙugu, kuma har yau ba ka faɗa wa kowa ba. Wannan shirun ya fi duka ci mini rai. Namijin duniya, mai ilimin da ba ya ƙyamar taɓo, Allah ya saka maka da alheri.

Ku malaman jami'a, ku cire takalmi ku sauko wurin tsofaffi kamar yadda ya yi.

Yanzu in na yi magana a majalisa, sai a ce, "Bari mu ji ta bakin Datti." Yana mini zafi, kuma daidai ne. Da tawa aka bi, da yau ba ni da wanda zan yi wa faɗa.