Buhunan Kanwar Parzidan

A bangon likita, wato ɗan asibitin garinmu, wani ƙauye cikin tuddan rairayi tsakanin Bune da Gure, akwai wani zane mai jajayen kibiyoyi. Ta fari ta tashi daga gida zuwa likita, ta biyu daga likita zuwa Gure, ta uku daga Gure zuwa Damagaram. A takarda, ƙafar mara lafiya ba ta ko taɓa ƙasa. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kuma da ɗalibina ne ya yi zanen nan, da na ba shi sha takwas bisa ashirin.

Mota guda ce ke riƙe da kibiya ta biyu, farar ambilas da aka ba ƙauyukanmu tarayya. Duk wanda ya je ganin majo, babban ma'aikacin likitar, yakan ƙara dala ashirin don isansi, wato man motar kai wanda ciwonsa ya fi ƙarfin gari. Makullin kuwa ba ya hannun majo. Yana aljihun shugaban komitin likita, wanda muke ce wa Parzidan, wani mai fataucin kanwa da muka zaɓa bisa tunanin cewa wanda ya ƙoshi ba zai taɓa kayan jama'a ba. Ni ma na ɗaga hannu ranar zaɓen.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, tana da lambu a kwari, rogo da ƴan itatuwan dabino. Wata safiya, ranar kasuwar Gidigir, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Kafin hantsi mun kai ta likita. Majo ya buɗe bakinta, ya ga jini a dasashi, ya ce maganin dafi sai Gure, kuma yanzu. Muka fita rumfar mota. Rumfa tana nan, inuwarta ma tana nan.

Na kira Parzidan a salula.

"Mushe, ai mota na gareji, taya ce ta yi faci," in ji shi, don Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu. "Ku ɗan jira, yanzun nan."

Muka jira har azahar, sannan muka ɗora ta bisa amalanken shanu. Wanda bai taɓa bin shanu cikin rairayi da mai ciwo ba, bai san tsawon kilomita ba, ko da shi ne ya koyar da ita. Yaya ta ga ina ta duban agogo.

"Auta, bar kallon abin nan," ta ce, "ba lakwal muke ba, ba wanda zai kaɗa maka ƙararrawa."

Da la'asar ambilas ta tare mu, daga wajen Gidigir ta fito. Gadon mara lafiya yana ɗaure da igiya bisa rufinta. Da shofer mai tuƙa ta ya buɗe baya, ƙasan motar fari fat da garin kanwa, ga yagaggen buhu a lungu. Bai dube ni ba. A kan wannan garin muka shimfiɗa Yaya, kuma muna hangen dogon ƙarfen salula na Gure ta cika.

Parzidan ya zo ta'aziyya da babbar riga. Ya ce ajali ne, ko jirgi aka kawo kwana ya ƙare. Mai yiwuwa haka ne, wannan sanin Allah ne. Kanwa kuwa sanina ce. Na rubuta takarda da Faransanci marar kuskure ko ɗaya, na kai inda ake kai irinta. Aka tambayi shofer, shofer mai iyali ne, ya ce taya. Gari kakaf ya san abin da motar ta kai kasuwa, gari kakaf ya ce taya. Abu guda nake so, in ji gaskiyar daga bakin Parzidan, a gaban jama'a. Sai na zauna jira, aikin da malamin lakwal ya fi kowa iyawa.

Shekara bakwai na jira, sannan ya samu kujerar Makka. A wajenmu maniyyaci ba ya tashi sai ya nemi gafarar mutane ɗaya ɗaya, kowa kuma yakan amsa da "na yafe duniya da lahira" tun kafin a rufe baki, kamar amsa sallama. Ba a taɓa jin wanda ya amsa da wani abu daban ba. A kan haka ya dogara. Bayan sallar Juma'a, a ƙofar masallaci, ya bi sahu yana miƙa hannu har ya iso kaina.

"Mushe, in na taɓa ɓata maka, a yafe mini."

Na riƙe hannun, ban saki ba.

"In ka taɓa, Parzidan? Ni ba na gyara takardar da ba a rubuta komai a kanta ba. Faɗi laifin tukuna."

"Haba Mushe, ɗan Adam ai ba ya rasa kuskure."

"Ban tambayi ɗan Adam ba. Ranar da maciji ya sari yayata, me ambilas ta ɗauka?"

Masu neman takalma suka daina nema. Liman ya matso, ya dafa kafaɗata.

"Malam, baƙon Allah ne, a rufa masa asiri."

"Allah gafarta malam, can inda za shi ba a rufa wa Mai ɗakin komai. Gara ya fara gwada bakinsa a nan."

Parzidan ya ja hannunsa, na ƙara damƙewa. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe alli ba shi da ƙarfi, amma ranar ya samu. Ya dubi shofer, wanda ke tsaye jikin bango, shofer ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Can Parzidan ya motsa leɓe.

"Na baya ba su ji ba," na ce.

"Kanwa ce," ya ce. "Kanwata ce. Na zaci zan dawo kafin a buƙace ta."

Wani tsoho ya yi salati a hankali. Na saki hannun. Liman ya dube ni, jama'a suka dube ni, ana jiran kalmomin da aka saba. Na ce haƙƙin nan kashi biyu ne. Babban kashin na Yaya ne, ba ta bar mini wasiyyar in yafe a madadinta ba, sai su haɗu. Ƙaramin nawa ne, kuma ina da sauran amfani da shi.

Kafin jirginsu ya tashi komiti ya zauna, makulli ya koma aljihun majo. Ni kuma na samu suna, mai baƙar zuciya, wanda ya kunyata maniyyaci a ƙofar masallaci. Wasu sun daina gayyata ta suna da ɗaurin aure, abin da ya rage mini wankin riga.

Ya dawo Alhaji, da haƙorin Makka. Yakan wuce ƙofar gidana ya yi sallama, in amsa masa cikakkiya, don amsawa wajibi ce. Sai ya ɗan tsaya, ko zan ƙara wani abu. Nakan bar shi tsaye har ya gaji.